Ƙauyen Laxton da Gonakinsa Marasa Shinge

A tsakiyar ƙasar Ingila, cikin lardin Nottingham, gabas da tsohon dajin nan na Sherwood, akwai wani ƙauye ana ce da shi Laxton. Baƙon da ya ratsa ta cikinsa da mota ba zai ga abin da zai tsai da shi ba. Titi ne dogo mai reshe, da gidaje na jan bulo, da majami'a ta dutse, da masauki guda inda mutanen gari ke taruwa da maraice. Mutanensa duka 'yan ɗaruruwa ne. Amma in baƙon nan ya daure ya fita bayan gari, ya hau ɗan tudu ya duba, sai ya ga wani abin da ya ɓace a sauran ƙasar tun da daɗewa. Zai ga manyan filaye uku shimfiɗe, ba shinge cikinsu, ba katanga, an yanka ko wanne siri-siri, gonar wannan jikin ta wancan. In kuwa ya zo a ƙarshen watan Nuwamba, ya tarad da manoma suna bin iyakokin da turaku da guduma, domin su ga wanda ya ci wa ɗan'uwansa gona, su kai shi gaban kotun ƙauye.

Irin wannan noma shi ne abin da galibin ƙauyukan tsakiyar Ingila su ke yi shekaru ɗari bakwai ko takwas da suka wuce. Dubban ƙauyuka sun bar shi, Laxton kaɗai ya rage da filayensa da kotunsa gaba ɗaya. Labarin yadda ya tsira, da yadda a ke riƙe da shi har yanzu, yana da abin lura ga duk wanda ke tunanin yadda a ke adana gadon kakanni.

Yadda A Ke Noma A Zamanin Da

A zamanin da, manomin Ingila ba shi da gona guda dunƙulalliya wadda zai kewaye ya ce tasa ce. Ƙasar noman ƙauye duka a kan haɗa ta, a raba gida biyu ko uku, wani wuri huɗu, ko wane kaso ya zama makeken fili. Ko wane fili kuma a kan yanka shi siraran gonaki masu tsawo. Mutum ɗaya ya kan sami gonakinsa a warwatse, ɗaya nan, ɗaya can, cikin dukan filayen. Hikimar wannan ita ce kowa ya sami rabonsa na ƙasa mai kyau da mara kyau, ta kusa da ta nesa, ta tudu da ta kwari.

Tsawon gonakin nan kuwa garma ce ta jawo shi. Ƙasar tsakiyar Ingila laka ce mai nauyi, ta Laxton ma jar laka ce mai danƙo. Garmar da ke iya keta ta babba ce, wani lokaci sai an ɗaura mata shanu har takwas. Juya irin wannan ayari a ƙarshen gona aiki ne ja, saboda haka aka fi son a miƙe a yi ta tafiya, a rage yawan juyawa. Daga nan ne awon eka ya samo asali, watau gwargwadon abin da shanun garma za su nome a yini guda, tsawo yadi 220, faɗi yadi 22. Talaka guda kuma ba shi da shanu takwas. Tilas ne wannan ya kawo sa biyu, wancan ya kawo ɗaya, a haɗa a yi wa kowa aiki bi da bi.

Shuka ma bisa tsari a ke yinta. A shekara guda, fili na farko a shuka masa alkama tun da kaka, ta kwana cikin sanyin hunturu. Na biyu a jira bazara a shuka sha'ir ko wake. Na uku a bar shi saura ya huta, dabbobin gari su yi kiwo ciki su zuba masa taki. Baɗi sai a juya, wanda ya huta ya karɓi alkama. Da ya ke ba shinge tsakanin gona da gona, ba shi yiwuwa mutum ya yi gaban kansa. In ya makara da girbi, ranar da aka buɗe fili ga dabbobi sai su cinye masa. In ya bar ciyawa ta yi iri, ta watsu gonar maƙwabci. In ya karkata garma taƙi ɗaya ko wace shekara, kafin shekara goma ya cinye wani yanki na gonar wani. Don haka ne ko wane ƙauye ya ke da kotu ta uban ƙasa, inda manoma da kansu ke kafa ƙa'idodi, su kuma ci wanda ya karya tara.

Asalin Laxton

Sa'ad da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi cikin shekarar 1066, ya raba ƙasar ga sarakunan yaƙinsa. Cikin 1086 ya sa aka ƙidaya dukiyar ƙasa duka aka rubuta a babban littafin nan da a ke kira Domesday. Sunan Laxton yana ciki, a hannun wani basarake Geoffrey Alselin. Bayansa garin ya koma hannun zuriyar de Caux, sa'an nan ta de Everingham. Waɗannan su ke riƙe da sarautar tsaron dazuzzukan Sarki na lardin, har da Sherwood, saboda haka Laxton ya zama wurin mulki. Suka gina gidan yaƙi bisa wani tudu da aka tara da hannu a arewacin gari, Sarki John da kansa ya sha sauka nan. Ginin ya rushe tun tuni, amma tudun da ganuwarsa suna nan, kaburburan 'yan gidan de Everingham kuma suna cikin majami'ar gari.

Da sarautar daji ta kau, sai Laxton ya koma ƙauyen manoma kamar sauran. Cikin 1625 wani attajirin Landan, Sir William Courten, ya sayi ƙasar. Da ya ke ɗan kasuwa ne, ya so ya san ainihin abin da ya saya. Ya ɗauki wani safiyo mai suna Mark Pierce, shi kuwa ya auna ƙasar ƙauyen kaf, ya gama cikin 1635. Ya zana babbar taswira, ya sa wa ko wace 'yar gona lamba, ya kuma rubuta littafi mai nuna girman ko wace lamba da sunan mai noma ta. Siraran gonakin da ya ƙidaya cikin filayen sun fi 2,000. Har ya ƙawata taswirar da 'yan hotunan mutane, ga mai huɗa, ga mai shuka, ga masu yankan ciyawa, ga masu farauta. Courten bai daɗe da ƙasar ba. Cikin 1640 aka sayar wa Robert Pierrepont, mai sarautar Earl na Kingston, daga zuriyarsa kuma ta gangaro hannun masu sarautar Earl Manvers, waɗanda babban gidansu ke Thoresby, 'yan mil kaɗan daga Laxton.

Pierce don lissafin kuɗin haya ya yi aikinsa, bai san yana rubuta tarihi ba. Amma taswirarsa, wadda ke ajiye a ɗakin littattafai na Bodleian a Oxford, ita ce ta zama madubin da a ke duba Laxton na da. Wanda ya ɗauki kwafinta ya shiga gari ya kan tarad da titin nan inda ya ke, da hanyar bayan gida, da sunayen sassan filaye da yawa ba su sake ba.

Zamanin Shinge

Tun kafin zamanin Pierce masu ƙasa sun fara ganin wannan tsari yana tauye musu riba. Mutum ya kan ɓata rabin yini yana yawo daga gona zuwa gona. Ba shi da ikon gwada sabon iri sai jama'a sun yarda. Dabbar kirki da ta banza suna cuɗanya a makiyaya guda, cuta ta kama ɗaya ta kama duka. Maganin da suka gani shi ne a tattara wa kowa rabonsa wuri guda, ya kewaye da shinge, ya yi abin da ya ga dama. Da fari da yarjejeniya a ke yi. Daga baya sai aka koma neman doka daga Majalisar Dokoki, ƙauye bayan ƙauye. Tsakanin 1604 da 1914 an yi irin waɗannan dokoki fiye da 5,200, suka shafi ƙasa wajen eka miliyan 6.8, mafi yawansu kuwa tsakanin 1750 da 1850.

Amfanin gona ya ƙaru, ba shakka. Amma talakan da ba shi da kome sai saniya guda da 'yancin kiwo a filin gari, shi ya ji jiki. An ba wasu 'yar ƙasa kaɗan a madadin haƙƙinsu, kuɗin shinge da na lauya ya fi ƙarfinsu, suka sayar. Waɗansu suka zama 'yan ƙodago a gonakin manya, waɗansu suka nufi birane aikin masaƙa. Kotunan ƙauye kuma, da ya ke ba sauran abin da za su tsare, suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

To, me ya hana a yi wa Laxton haka? Kada mai karatu ya zaci mutanen garin ne suka tashi tsaye don kishin al'ada. Shinge ya ci gefen ƙasarsu shi ma. An yanki ƙasa ta nesa da gari an kafa gonaki masu shinge tun cikin ƙarni na 18, fili na huɗu kuma, na gabas, ya ƙare sarai. Abin da ya tsare sauran shi ne rashin jituwa da rashin kuɗi. Earl Manvers ne babban mai ƙasa, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai rabon gidan sarautar Rufford, akwai kuma ƙananan manoma masu gonar kansu, ba a sami ranar da bakinsu ya zo ɗaya ba. Sai cikin 1867 Manvers ya karɓi rabon Rufford ta hanyar musanya. A lokacin kuwa hankalinsa da aljihunsa suna wajen ginin sabon gidansa na Thoresby, wanda ya ci dukiya mai yawa. Kafin ya farfaɗo, sai alkama mai araha ta fara kwararowa daga Amurka cikin shekarun 1870, farashi ya faɗi, noma ya shiga wani hali a Ingila duka. Ba mai hankalin da zai zuba kuɗi a shinge da sababbin gine-gine alhali haya ma da ƙyar a ke biya.

Abin da aka iya yi shi ne gyara. Tsakanin 1903 da 1908 wakilin Earl ya haɗa siraran gonakin, biyu ko uku ko fiye su zama ɗaya, domin su dace da injunan da dawaki ke ja. Yawansu ya sauko daga fiye da 1,000 zuwa ƙasa da 300. Filaye uku suka rage, na Yamma, da na Kudu, da na Maniƙa, wanda ya sami sunansa daga injin niƙa mai aiki da iska da ke tsaye cikinsa a da. Jinkirin da a lokacin a ke gani abin kunya ne, shi ya zama alheri.

Yadda Aka Gane Darajarsa

Da ƙarni na 20 ya kama, malaman tarihi suka farga cewa abin da su ke karantawa cikin tsofaffin takardu yana nan da rai a wani lungu na Nottingham. C. S. Orwin, shugaban sashen binciken tattalin arzikin noma a Jami'ar Oxford, shi da matarsa suka zauna bisa taswirar Pierce da takardun kotun ƙauyen. Cikin 1938 suka fitar da littafi mai suna The Open Fields, suka buga taswirar da lissafinta a ciki. Tun daga nan sunan Laxton ya shiga makarantu, malamai suka riƙa kawo yara su ga da idonsu yadda kakanninsu suka yi noma.

Amma sanin darajar abu daban, samun mai riƙe shi daban. Earl Manvers na shida ba shi da ɗa namiji da zai gaje shi, harajin gado kuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana karya manyan gidaje. Ya ga in ya mutu za a yanka ƙasar a sayar gunduwa-gunduwa, da zarar an yi haka kuwa tsarin ya ƙare. Saboda haka cikin 1952 ya sayar da Laxton ga Ma'aikatar Gona ta Gwamnati, bisa niyyar a ci gaba da noman yadda ya ke. Ya rasu cikin 1955, sarautar ta ƙare da shi. Ministan Gona ya zama uban ƙasar Laxton, a ka riƙa zaman kotu da sunansa.

Cikin 1977 wani hatsari ya taso ta inda ba a zata ba. Majalisa ta yi dokar gyaran shari'a wadda ta karɓe ikon hukunci daga tsofaffin kotunan iyayen ƙasa, gama galibinsu sun zama biki kawai. Da dokar ta haɗa da Laxton, da tarar da a ke ci ta zama wasa, wanda ya ga dama ya biya, wanda bai ga dama ba ya ƙi. Sai aka ambaci kotun Laxton da sunanta cikin dokar, aka ware ta, aka bar mata ikonta.

Ba a jima ba, cikin 1979, sabuwar Gwamnati ta ƙudura sayar da filayen da ke hannunta, Laxton na ciki. Manoman garin da malaman tarihi suka yi ca, aka yi ta rubutu a jaridu, aka ta da maganar a Majalisa. Tsoronsu shi ne wani mai kuɗi ya saya, ya jira 'yan haya su mutu ko su gaji, ya haɗe filayen ya sa manyan injuna. Aka yi ta ja-in-ja har 1981, sa'an nan Hukumar Dukiyar Sarauta ta saya, ta yi alkawarin riƙe tsarin. Ta riƙe shi kusan shekara arba'in. A zamaninta aka buɗe ɗan ɗakin baƙi kusa da masaukin gari, inda a ke nuna hotuna da bayani, Farfesa John Beckett na Jami'ar Nottingham kuma ya fitar da cikakken tarihin ƙauyen cikin 1989. Cikin 2018 hukumar ita ma ta sa ƙasar a kasuwa, kusan eka 1,900 da gidajen gona da masauki, a kan kuɗi wajen fam miliyan 7, da sharaɗin mai saye ya ɗauki nauyin kiyaye filayen da kotun. Cikin 2020 masu riƙon dukiyar Thoresby suka saya. Bayan shekara 68, Laxton ya koma gidan da ya fito.

Ranar Duba Iyaka

Duk wannan kai da kawowa na manya, abin da a ke ƙoƙarin tsarewa yana faruwa ne cikin ranakun Alhamis biyu na ƙarshen shekara. Ko wace shekara kotu ta kan naɗa mutum goma sha biyu daga cikin manoma, ta rantsar da su, a ba su shugaba. A ƙarshen Nuwamba, ran Alhamis, su kan taru da safe a masaukin Dovecote, su hau bayan tarakta da buhunan turaku na itace, su nufi filin da ya huta bara, wanda yanzu aka shuka wa alkama. Can sai su rabu ƙungiya ƙungiya, ko wace ta bi sashenta cikin sanyi da laka.

Abin da su ka fi sa wa ido shi ne hanyoyin ciyawa da ke ratsa filayen, da waɗansu wurare masu damshi da ba a taɓa sa musu garma ba. Waɗannan na jama'a ne duka, ta nan a ke bi a kai ga gonaki, ta nan kuma ruwa ke tsiyayewa. Inda turke ya ruɓe ko ya ɓace, su kafa sabo. Inda suka ga garmar wani ta wuce turke ta ci ciyawa, su auna su rubuta. Wanda ya kasa kai huɗa bakin iyakarsa, shi ma a rubuta shi, gama in an bar wannan iyakar za ta ɓace. Haka wanda ya bar tarkace bisa hanya, ko ya ƙi yashe lambatunsa, ko ya bar maganin feshi ya zuba kan ciyawar jama'a. In sun gama su koma masauki su ci abinci, sa'an nan su zauna su yanka wa ko wane laifi tararsa, su rubuta a takarda.

Mako guda bayan haka kotu ta zauna a masaukin nan. Mai shugabantarta lauya ne, wakilin uban ƙasa. Sanƙiran kotu ya buɗe da shela irin ta da, a kira sunan duk mai riƙe da ƙasa a garin. Wanda bai zo ba a karɓa masa tarar rashin zuwa, 'yan kwabbai ne kawai, amma ba a yafewa. Sabon ɗan haya a shigar da sunansa cikin littafi. Sa'an nan a karanta takardar laifuffuka. Wanda aka ambata yana da damar ya tashi ya kāre kansa, a yi gardama, wani lokaci har da raha, a tabbatar da tara ko a rage. A ƙarshe a rantsar da sababbin mutum goma sha biyu na baɗi, a kuma naɗa mai kama ɓatattun dabbobi, ko da ya ke ɗan shingen bulon da a ke tsare su ciki ya daɗe ba ya samun baƙo.

Tarar ba ta da yawa, 'yan fam ne. Abin da ke da zafi shi ne a kira sunan mutum gaban maƙwabtansa a ce ya ci iyaka. Kuma wanda ya yanka wa wani tara bana ya san baɗi ana iya yanka masa. Wannan shi ke sa a yi adalci, shi ke kuma sa a yi sassauci.

Hanyoyin ciyawar nan sun zo da wata riba da magabata ba su yi zato ba. Da ya ke ɗaruruwan shekaru ba a huɗe su ba, ba a kuma zuba musu takin zamani ba, furanni da ciyayi iri iri da suka ɓace a sauran lardin suna nan cikinsu. Hukuma ta sa waɗansunsu cikin wuraren da doka ta tsare saboda halittun da ke ciki. Ko wace shekara da zafi ya kama a kan yi gwanjon ciyawarsu tsakanin manoman gari, wanda ya taya ya yanka ya yi ingirici.

Abin Da Ya Rage

Mai karatu zai lura Laxton na yau ba shi ne na Mark Pierce ba. Tarakta ta maye gurbin shanu. Siraran gonakin da suka fi 2,000 yanzu ba su kai 200 ba. Filin da a da a ke bari saura, tun cikin shekarun 1960 aka yarda a riƙa shuka masa ciyawar dabbobi. Waɗansu su kan ce ashe abin da a ke nunawa ba na asali ba ne. Amma tun fil azal haka tsarin ya ke, ko wane zamani kotu ta kan sake ƙa'ida gwargwadon bukata. Tsofaffin takardunta, waɗanda da yawansu ke ajiye a Jami'ar Nottingham tare da sauran takardun gidan Manvers, cike su ke da irin waɗannan sauye-sauye. Abin da bai sake ba shi ne tushen, watau ƙasa ba shinge, juyin shekara uku, da hukuncin maƙwabta bisa maƙwabta.

A Ingila akwai waɗansu wurare da siraran gonaki suka saura, kamar Braunton cikin lardin Devon, da yankin Axholme cikin lardin Lincoln. Amma ba su da kotu mai iko da ke tilasta juyin shuka. Siffar ta rage musu, ran ya fita. Akwai kuma ɗaruruwan wurare inda in rana ta yi ƙasa a kan ga kunyoyin tsofaffin gonaki kwance ƙarƙashin ciyawa, tumaki na kiwo bisansu, ba wanda ya san sunan mai su.

Tsohon gini ana iya kewaye shi a sa mai gadi. Taswira ana iya sa ta cikin akwati a ɗaki mai sanyi ta shekara ɗari huɗu. Amma Laxton ba shi ajiyuwa ta wannan hanya, gama abin da ke da daraja cikinsa aiki ne da mutane ke yi. Ya tsaya bisa duwatsun murhu uku. Na ɗaya takarda, wadda ta sa aka san abin da a ke da shi. Na biyu uban ƙasa guda mai haƙuri da ƙaramar riba, tare da dokar da ta bar wa kotu haƙoranta. Na uku manoma da ke zaune cikin gari, masu yarda su yi noma da wahalar da maƙwabtansu na sauran ƙauyuka suka huta da ita tun shekaru ɗari biyu. In ɗaya ya kau, tukunya ta kife.

Na ukun nan shi ne mai rauni. Gonakin Laxton ƙanana ne bisa awon Ingila ta yanzu, masu riƙe da su ba su kai ashirin ba, da wuya kuma gona guda ta ci da iyali. Da yawa sai sun haɗa da wata sana'a, ko da kuɗin da Gwamnati ke biya don kiyaye ƙasa da halittunta. Manyan injunan zamani ba a yi su don siririyar gona ba. Yaron da ya tashi a garin yana ganin abokansa suna samun abin da ya fi nasa da aikin da bai kai nasa ba. Mutanen gari sun kafa ƙungiyar tarihi, suna tattara hotuna da takardu da labarin tsofaffi, suna buga 'yan littattafai, suna zagayawa da baƙi. Wannan aiki ne mai kyau, amma su da kansu sun san littafi ba ya kafa turke.

Sau uku cikin shekara saba'in aka sa Laxton a kasuwa, sau uku ana samun mai saye da ya yarda ya riƙe amana. Sauran magana tana hannun 'ya'yan manoma. Muddin ana samun mutum goma sha biyu da za su fito ran Alhamis ta ƙarshen Nuwamba, su saɓi guduma su shiga laka, tarihin ƙauyen yana nan da ransa. Ranar da aka kira suna ba wanda ya amsa, to, sai a nemi Laxton a Oxford, cikin taswirar Mark Pierce.